Ƙanƙara, gashi, tausa ko ƙaho: wanne ke warware jiki in ya ɗaure?

Ɗan Gola: Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya gare ni ga masu sani. Shekarata 34, rabona da taka leda ya kai shekara uku. Ranar Lahadi yaran unguwa suka ja ni wasan sada zumunci, na buga wajen minti 70. A ranar ban ji komai ba, har ina cika baki wai tsohon doki sai mai shi. Litinin da yamma cinyoyina suka fara magana. Yau Talata ko sujada da ƙyar nake yi, saukowa daga bene kuwa sai na dafa bango. Wani ya ce in shiga ruwan ƙanƙara irin na 'yan ƙwallon Turai, uwargida ta ce ta gasa mini da ruwan zafi, kawuna kuma ya ce mataccen jini ne ya kwanta, in nemi wanzami ya yi mini ƙaho. Wanne zan ɗauka?

Koci Bala: Wa alaikumus salam. Ƙanƙara, ba wata doguwar magana. Yarana duk bayan wasa mai zafi durom muke cikawa da ruwa, mu fasa ƙanƙarar leda a ciki, kowa ya shiga zuwa ƙugu minti goma. Laktik asid ne ya taru maka a tsoka, sanyi ne ke fitar da shi.

Mai Ƙarfe: Hhhh tsufa ne kawai Yaya, ka rungumi ƙaddara.

Ɗan Gola: Kai ma kana hanya ai.

Anti Fisiyo: Sannu Ɗan Gola. Koci, ka yi haƙuri zan ɗan saɓa maka a kan laktik asid. Wannan magana ta daɗe tana yawo a filayen ƙwallo, amma ba haka abin yake ba. Laktik asid yana ƙaruwa ne a lokacin da ake tsaka da gudu, kuma cikin kamar awa ɗaya da tsayawa jiki ya gama kwashe shi. Da shi ne, da a daren Lahadi ciwon zai fi tsanani, ya yi sauƙi ran Litinin. Shi kuwa ka ji yadda ya faɗa: ranar wasa lafiya lau, kwana biyu bayan nan ne abin ya tsaya masa.

Abin da ya faru shi ne zaruruwan tsokar sun sami 'yan ƙananan yagewa da ido ba ya gani, musamman wajen taka birki in ana gudu, da juyawa, da dirowa bayan tsalle. Shi ya sa saukowa daga bene ta fi masa zafi a kan hawa, don a saukowa tsokar gaban cinya tana riƙe nauyi alhali tana miƙewa. Daga nan jiki ya aiko da ma'aikatansa su share wurin su yi gyara, wurin ya ɗan kumbura, jijiyoyin jin zafi su farka. Irin wannan ciwo yakan fara bayan awa 12 zuwa 24, ya kai ƙololuwa tsakanin awa 24 da 72, ya tafi da kansa cikin kwana biyar zuwa mako guda. Ɗan Gola, yau kana kan tudun ne, gobe ko jibi za ka fara gangarowa.

Koci Bala: To na ji na asid. Amma kada ki ce mini ƙanƙara ba ta aiki, da idona nake gani. Yaro zai fito daga durom ya ce ƙafarsa kamar sabuwa.

Anti Fisiyo: Ban ce ba ta aiki ba. Tana rage jin ciwo, kuma in kana da wasa yau kana da wani jibi, ba laifi ka sa su. Yadda aka saba shi ne ruwa mai sanyin digiri 10 zuwa 15, minti 10 zuwa 15, kuma jim kaɗan bayan wasan. Shi da ya kwana biyu, in ya shiga yanzu zai sha sanyi ne kawai ya biya kuɗin ƙanƙara. Rage zafi daban, gyara tsoka daban.

Mai Ƙarfe: Anti dakata, wannan ta shafe ni. Mu a wurin ɗaga ƙarfe akwai wanda kullum bayan atisaye sai ya jiƙa kansa a ruwan ƙanƙara, wai don dantse ya fito da wuri.

Anti Fisiyo: Ka gaya masa yana yi wa kansa zagon ƙasa. A 2015 an buga wani bincike da aka yi a Ostireliya: matasa sun yi mako 12 suna ɗaga ƙarfe, rabinsu suna shiga ruwa mai digiri 10 na minti goma bayan kowane atisaye, rabi kuma suna ɗan tuƙa keken motsa jiki a hankali. Waɗanda suka sha sanyin, tsokarsu da ƙarfinsu ba su ƙaru kamar na 'yan keken ba. Ɗaya daga cikin dalilan da ake zato: wannan ɗan kumburi da kake gudu, shi ne saƙon da ke cewa jiki "a ƙara gini a nan". In ka kashe saƙon kullum, ginin ya ragu.

Kai, ko likitan Amurka da ya fito da ƙa'idar nan da kowa ya haddace a 1978, ta hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa, Dakta Gabe Mirkin, shi da kansa ya dawo a 2014 ya ce yawan ƙanƙara da cikakken hutu suna iya jinkirta warkewa.

Koci Bala: Wato shekara da shekaru ina sayen ƙanƙara a banza ke nan.

Anti Fisiyo: A'a Koci. Ranar gasa ka saya. Ranar atisayen ƙarfi ka sayi ƙwai da kuɗin.

Maman Affan: Don Allah Koci in sa baki. Kafin ka tura yaro cikin durom ɗin nan ka tambaye shi ko yana da sikila. Ɗana sikila ne, shekararsa 13, yana son ƙwallo kamar ransa. Sanyi na cikin manyan abubuwan da ke tayar masa da ciwo, ko ruwan sama ya taɓa shi sai mun kwana a zaune. Likitansa ya ja mana kunne cewa in ciwon ƙashi ya tashi, ɗumi da shan ruwa da yawa, kada a kuskura a ɗora ƙanƙara. Yaro ba zai faɗa maka a gaban abokansa ba, kunya yake ji.

Koci Bala: Wallahi Hajiya ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na gode. Zan tambaye su ɗaya bayan ɗaya, a keɓe.

Anti Fisiyo: Allah ya saka, Maman Affan. A ƙara da mai ciwon zuciya da mai hawan jinin da bai daidaita ba. Faɗawa ruwan sanyi farat ɗaya yana matse jijiyoyin jini ya harba bugun zuciya sama.

Ɗan Wanzam: Ina ta karatu ina jira a zo kan ƙaho, na ga ana neman tsallake shi. Gidanmu gidan aska ne tun kakanni. Na tashi ina riƙe wa mahaifina zabira, na ga manoma da 'yan dako da maƙera suna zuwa da baya a ƙage, a kafa musu ƙaho huɗu ko shida, su miƙe suna hamdala. Jinin da ke fita baƙi ƙirin, mai gudaji. In ba mataccen jini ba ne, mene ne? Kuma Turawan da kuke bi ai sun dawo hanya. Kowa ya ga ɗan ninkayar Amurka Michael Phelps a gasar Olamfik ta Riyo a 2016, kafaɗarsa duk shaidar ƙaho.

Ustaz Na Bakin Kasuwa: Ƙaho sunna ne tabbatacciya. Bukhari ya ruwaito cewa waraka tana cikin abu uku: shan zuma, tsagar ƙaho, da lalas da wuta, kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana al'ummarsa lalas. An yi masa ƙaho, ya kuma biya wanda ya yi masa ladansa. Don haka a yi hattara da lafazi.

Anti Fisiyo: Allah ya gafarta Malam, ba ni da ja a kan hadisi, mahaifina ma yana yi. Maganata a kan bayanin da ake haɗawa da shi ne. Ɗan Wanzam, jinin da ke komawa zuciya ta ƙananan jijiyoyi dama ya fi duhu, don ya riga ya sauke iskar da ya ɗauko daga huhu. Kowane jini kuma in ya fito ya zauna a ƙoƙo minti kaɗan zai daskare ya yi gudaji, ko daga yankan wuƙar kicin ne. Jini ba ya kwanciya a tsoka ya mutu yana jiran a zuƙe shi, zagayawa yake yi dare da rana. Malamin Musulunci ne ma, Ibnun Nafis, ya fara bayyana yadda yake bi ta huhu tun ƙarni na 13, kafin William Harvey na Ingila ya kammala bayanin zagayen a 1628.

Na Phelps kuma busasshen ƙaho ne, ba tsaga, zuƙar fata kawai. Mutane da yawa suna samun sassaucin ciwon baya da na wuya da ƙaho, wannan ba na musu. Amma cewa yana ɗinke tsokar da ta yage, wannan ba a tabbatar ba.

Ɗan Wanzam: To ai mu sassaucin muke sayarwa. Wanda ya zo da ciwo ya tafi ba ciwo, me ya rage?

Anti Fisiyo: Aska ta rage. Ita ce damuwata ta gaske. Ciwon hanta nau'in B yana da yawa a ƙasar nan, kuma ƙwayar cutar tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har mako guda. Goge aska da tsumma ko tsoma ta a ruwan ɗumi ba ya kashe ta. Ga nau'in C, ga ƙanjamau. Duk mai zuwa ƙaho ya tabbata sabuwar reza aka ɓare a gabansa, kofunan kuma na mutum ɗaya ne.

Ɗan Wanzam: Nan kam muna tare. Ni na daina aiki da ƙahon sa tun tuni, kofin roba nake saya da famfonsa, reza kuwa a gaban mutum nake ɓarewa, ina sa safar hannu. Tsoho ya yi ta faɗa wai na zubar da gado, daga baya ya haƙura. Kuma ba na yi wa mai ciki, da wanda jininsa ya yi ƙasa, da mai shan maganin tsinka jini.

Ustaz Na Bakin Kasuwa: Madalla. Ba cuta ba cutarwa, wannan ma ƙa'idar shari'a ce.

Ɗan Gola: Jama'a kun manta da ni. Ni da cinyata fa?

Anti Fisiyo: Hhh yi haƙuri. Ka bar uwargida ta gasa maka, ruwa mai ɗumi da tawul, minti 15 zuwa 20. Ɗumi yana buɗe jijiyoyin jini ya saki tsoka. Ta bi da tausa mai sauƙi da man kaɗanya, tana shafawa daga gwiwa zuwa sama, ba irin tausar nan ta mugunta da ake hawa mutum da gwiwar hannu ba. Sannan kada ka kwanta. Ka taka zuwa masallaci, ka zaga unguwa minti 20, in da keke ka ɗan tuƙa. Za ka ji minti biyar na farko kamar za ka yi kuka, daga nan ta saki. Ka yi barci awa bakwai zuwa tara, ka ci abinci mai gina jiki. Gyaran gaske a barci da kwano yake faruwa.

Sharaɗi ɗaya: wannan duk in ciwon a cinyoyi biyu yake, ya bazu, ba kumburi sosai. In a lokacin wasa ka ji wani abu ya yi "ɗas" a wuri ɗaya, ko wurin ya yi baƙi ko shuɗi, ko targaɗe ne a idon sawu, to ba gashi ba tausa a kwana biyu zuwa uku na farko, don za su ƙara zubar jini a ciki. Nan ne ƙanƙara ke da gurbi: a naɗe ta a tsumma, minti 10 zuwa 15, a ɗaure da bandeji ba da ƙarfi ba, a ɗaga ƙafar.

Ɗan Gola: Ba ɗas, ba baƙi. Duk biyun ne suka haɗa baki.

Mai Ƙarfe: Batun kwano, ni abin da na sani shi ne mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar kamar giram 1.6 na furotin a kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 70 wajen giram 112 ke nan. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, kun ga ba a ƙwai kaɗai za a dogara ba, aljihu ba zai ɗauka ba. Ni wake, awara, ƙuli-ƙuli, kindirmo da busasshen kifi ne suka riƙe ni. Garin gwangwanin nan mai tsada ban taɓa saya ba.

Maman Ilham: Salamu alaikum, ku gafarce ni na shigo a tsakiya. Na ga ana maganar tausa. Mahaifiyata ta dawo daga Umara ranar Juma'a, shekararta 63. Tun Asabar ƙafarta ta hagu ta kumbura daga sharaɓa zuwa ƙasa, tana mata zafi, in ka taɓa da ɗumi. Mun ce gajiyar ɗawafi ce da Safa da Marwa. Kwana uku ke nan muna mata tausa da man zafi safe da dare, ba sauƙi. Wane mai ya fi kyau, ko mu kira mai tausa ta gaske?

Anti Fisiyo: Maman Ilham, don girman Allah ku daina tausar nan yanzu. Ƙafa ɗaya ce ko duka biyun?

Maman Ilham: Ɗaya ce, ta hagu kawai. Ta dama lafiya lau.

Anti Fisiyo: Ku kai ta asibiti yau, ba gobe ba. Ku ce ta yi doguwar tafiya a jirgi, ƙafa ɗaya ta kumbura, kuna so a duba ko jini ne ya daskare a jijiya. Za su yi mata hoton jijiyoyin ƙafar. Ba na cewa shi ne tabbas, daga waya ba zan iya sani ba, amma duk alamun da kika lissafa nasa ne: shekaru, zaman jirgi sama da awa huɗu, ƙafa ɗaya, zafi, ɗumi. Haɗarin tausa shi ne gudan jinin yana iya ɓallewa ya bi jijiya ya wuce zuciya ya toshe huhu. In ta fara haki, ko ciwon ƙirji, ko tari da jini, ku wuce sashen gaggawa kai tsaye.

Maman Ilham: Innalillahi. Yayana yana kasuwa da motar, bari in kira shi.

Anti Fisiyo: Kada ku jira shi in zai daɗe, ku tari adaidaita. Kada a ƙara matsa ƙafar.

Admin: Maman Ilham a ajiye waya a tafi. Allah ya ba Hajiya lafiya. A sanar da mu.

Ɗan Wanzam: Amin. Kun ga irin wannan ko an kawo mini ba na taɓawa.

Direban Legas: Wannan magana ta tsorata ni. Ni tirela nake ja Kano zuwa Legas, wani lokaci awa goma ban sauko ba. Ƙafafuna biyu suna kumbura da yamma, shaidar takalmi ta fito raɗau, da safe su sace. Ga jijiyoyi sun fara fitowa a bayan ƙafa kamar tsutsa. Ni ma gudan jinin ne?

Anti Fisiyo: Naka ya fi kama da jini da ruwa da ke taruwa a ƙasa saboda zama. Ka gane, zuciya tana tura jini zuwa ƙafa da ƙarfinta, amma dawowarsa sama hawan tudu ne. Tsokar sharaɓa ce ke matse jijiyoyin duk lokacin da ka taka, su kuma jijiyoyin suna da 'yan ƙofofi a ciki masu buɗewa sama kaɗai. Shi ya sa ake kiran sharaɓa zuciya ta biyu. In ka zauna awa goma, famfon nan a kashe yake. In ƙofofin suka gaji suka fara yoyo, jijiya ta kumbura ta murɗe, shi ne abin da kake gani.

Amma kada ka saki jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2007 cewa zaman tafiya na awa huɗu ko fiye yana ninka haɗarin daskarewar jini kusan sau biyu, a jirgi ne ko a mota, kodayake a tafiya ɗaya haɗarin ƙarami ne, kamar mutum ɗaya cikin 6,000. Kai kuwa sana'arka ce, kowane mako. Duk awa biyu ka sauko ka zaga motar, ka yi ɗage a kan yatsu sau 20. Ka sha ruwa, na san direbobi kuna ƙin sha don gudun tsayawa. Da dare ka ɗora ƙafa a kan filo ta fi ƙirjinka tudu. Kuma ka je a auna hawan jini, a duba ƙoda da zuciya, don su ma suna kumbura ƙafa biyu.

Direban Legas: Safar nan mai matsewa da nake gani a kemis fa?

Anti Fisiyo: Tana aiki sosai ga irinka, tana cikin 'yan kayan da zan ce a saya ba fargaba. Ta fi matsewa a idon sawu, tana sassautawa zuwa sama, sai ta riƙa tura jini hanyar gida. Akwai mai lambar ƙarfin matsewa 15 zuwa 20, akwai 20 zuwa 30, ka fara da ta farko. A auna ƙafarka kafin ka saya, ka sa da safe kafin kumburi, ka cire in za ka kwanta, kada ka naɗe bakinta ya zama kamar igiya. Wanda bai kamata ya sa ba sai da izinin likita shi ne wanda jini ba ya isa ƙafarsa tun farko: ƙafa mai sanyi, mai ciwo a sharaɓa in an yi 'yar tafiya ya lafa in an tsaya, ko mai gyambon da ya ƙi warkewa.

Baba Alhaji: 'Yata Fisiyo, Allah ya yi miki albarka. Ni shekara 14 ina fama da suga. Tafin ƙafata kamar ina taka auduga, da dare kuma kamar ana tsira mini allura. Wasu yara sun zo unguwarmu da wata na'ura, ka sa ƙafa a roba da ruwan gishiri, a jona wuta, ruwan ya koma ja ya koma baƙi. Suka ce dattin jini ne ke fita ta tafin ƙafa, sai na yi zama goma. Na yi uku. Da idona na ga dattin.

Mai Ƙarfe: Baba, wallahi tsatsa ce. Ka ce su kunna na'urar ba tare da ka sa ƙafa ba, ka ga ko ruwan ba zai canja ba.

Anti Fisiyo: Gaskiya ya faɗa Baba. Ƙarfen da ke cikin ruwan ne wuta da gishiri ke cinyewa, shi ne launin. Tace jini aikin ƙoda da hanta ne, tafin ƙafa ba ya yi. Kuɗin zama bakwai da suka rage ka saya abin gwada suga da su.

Kuma Baba ina roƙonka, kai ban da gashi da ruwan zafi, ban da jin ɗumin garwashi kusa da ƙafa lokacin hunturu. Sugan ya taɓa jijiyoyin ji, ƙafarka za ta iya ƙonewa ba ka sani ba. Na ga dattijon da aka tsoma wa ƙafa a ruwan zafi don a "tayar da jini", yana ta hira, da aka ciro fata ta saluɓe, watanni ana wanki. In za ka wanke ƙafa wani ya gwada ruwan da gwiwar hannunsa. Kullum ka duba tafin da tsakanin yatsu, ko jika ya duba maka. Kada ka yi yawo ba takalmi ko a tsakar gida. Ƙaho a ƙafa kuma a'a.

Ɗan Wanzam: A'a ɗin nan ni ma na sa hannu.

Baba Alhaji: To me zai sa jinin ya gudana?

Anti Fisiyo: Tafiya, Baba, da riƙe suga da hawan jini a inda likita ya ce. Minti 30 a rana, kwana biyar a mako, shi ne minti 150 a mako da likitoci ke ta faɗa. In ba za ka iya a jere ba, goma bayan Asuba, goma bayan La'asar, goma bayan Isha'i. In kana shan taba ko shaƙa wani abu mai nikotin, shi ne babban mai toshe jijiyoyin ƙafa.

Baba Alhaji: Taba kam ban taɓa ba. Goro ne dai.

Uwar Biyu: Tunda ana maganar zafi, wankan jego fa? Kakata ta ce in ba a yi arba'in ana wanka da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya ba, jiki ba ya komawa.

Anti Fisiyo: Wannan sai mun buɗe masa zaurensa daban, don za a yi yaƙi. A taƙaice: ruwan ɗumi yana da daɗi ga mai jego, ba laifi. Tafasasshe kuwa, haɗe da kunun kanwa da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta a ƙasa, likitoci a Zariya sun yi rubutu tun shekarun 1970 kan yadda suke da alaƙa da gazawar zuciya bayan haihuwa. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki.

Uwar Biyu: Sai dai ke ki zo ki faɗa wa kakata.

Koci Bala: Anti saura tambaya ɗaya. Yarana da yawa kafin wasa sai sun haɗiyi diklofenak, ƙwayar kashe ciwon nan, bayan wasa su ƙara, wasu har da abin da ya fi shi. Na hana, a ɓoye suke sha. Sannan bindigar tausar nan mai caji da kowa ke saya yanzu.

Anti Fisiyo: Bindigar ba laifi, tausa ce da batir. A kan tsoka kaɗai, minti ɗaya zuwa biyu a wuri, ban da kan ƙashi, ban da gaban wuya, ban da wurin da ya kumbura ko jijiyar da ta fito. Tana sa a ji daɗi, iyakarta ke nan.

Ƙwayar ce matsala. Diklofenak da ibufurofen suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. Yaro ya sha, ya shiga ranar Kano ya yi gumi minti 90 ba isasshen ruwa, ƙoda ce ke biyan bashin. Ga gyambon ciki. Ga shi kuma ya kashe ƙararrawar da za ta gaya masa ya ji rauni, sai ƙaramin targaɗe ya zama babba. Tiramadol kuwa ba na wasa ba ne, kamu yake yi. Kuma duk yaron da bayan atisaye mai tsanani ya ga fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, ga ciwon tsoka fiye da kima da kasala, asibiti a ranar. Tsoka ce ta farfashe tana zuba cikin jini, tana iya tsayar da ƙoda.

Ɗan Gola: Na je na duba nawa yanzu, fari ne tas, alhamdu lillahi.

Mai Ƙarfe: Ba mu tambaye ka ba Yaya.

Maman Ilham: Jama'a mun dawo daga hoton. Likita ya ce jini ne ya daskare a jijiyar bayan gwiwa. Sun kwantar da ita, sun yi mata allura a fatar ciki, sun ce za ta sha maganin tsinka jini aƙalla wata uku. Da na ce masa kwana uku muna tausa, sai ya ajiye biro ya dube ni. Har yanzu jikina rawa yake. Anti Fisiyo ban san da bakin da zan gode miki ba.

Anti Fisiyo: Alhamdu lillahi da kuka je. Kada ki zargi kanki, kowa a gidajenmu tausa zai fara yi. Ki tabbata ba ta tsallake maganin ko na rana ɗaya, kuma duk wani magani ko na gargajiya ne a tambayi likitan kafin ta sha, don wasu suna ƙara tsinka jinin. Ku tambaye shi batun safa da ranar da za ta fara takawa.

Ustaz Na Bakin Kasuwa: Allah ya sa kaffara ne, ya tashi kafaɗunta.

Ɗan Wanzam: Amin. Kuma a gaya wa 'yan uwa kada wani ya kawo mata wanzami tana kan maganin nan, jinin ba zai tsaya ba.

Direban Legas: Amin ya Allah. Ni dai gobe in na isa Lokoja sai na sauko na yi ɗagen nan, ko yaran mota za su yi dariya.

Ɗan Gola: Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma rahoto: an gasa, an shafa man kaɗanya, na taka zuwa Isha'i na dawo. Na yi sujada ba tare da na yi nishi ba. Koci, yaran sun ce akwai ramuwa ranar Lahadi, a sa ni ko a bar ni a benci?

Koci Bala: Minti 20, kuma a gola.